Kalkuletar dama ta huɗu: kaka biyu ina gwada ta

Duk mai kallon ƙwallon ƙafar Amurka ya san lokacin da filin wasa ke ɗauke numfashi. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ci yadi goma, uku sun tafi, saura yadi biyu. Koci zai sa a doka ƙwallo nesa a miƙa wa abokan hamayya, ko a gwada bugun maki uku, ko kuwa a sa ƙirji a nemi yadin nan biyu? Kakar wasa biyu ke nan ina amfani da kalkuletar da Ben Baldwin, mai nazarin alƙaluman wasan, ya ƙera don wannan tambaya, wadda ke shafin rbsdm.com, kuma kyauta ce.

Aikinta ba wuya. Za ka shigar da ƙungiyoyin biyu, da maki, da lokacin da ya rage, da inda ƙwallo take, da yadin da ake nema, da sauran damar tsayar da agogo da kowane ɓangare ke da ita. Sai ta fito maka da zaɓi ukun a jere, kowanne da kason yiwuwar cin wasa. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta tsayawa a "ku je" ko "kada ku je". Tana nuna maka inda za ka tsinci kanka in an yi nasara da inda za ka faɗa in an kasa, kuma in tazarar ƙarama ce sai ta faɗa maka ƙarama ce.

Da can ni ma ina cikin masu cewa ja da baya shi ne hankali. Ban manta daren 15 ga Nuwamba 2009 ba, da Bill Belichick, kocin New England, ya ƙi doka ƙwallo a karawarsu da Indianapolis a yadi 28 na ɓangarensa, yana gaba da 34-28, saura minti biyu da 'yan daƙiƙu. Aka tare ɗan wasansa Kevin Faulk kafin ya cika yadi biyun, Peyton Manning, mai jefa wa Indianapolis ƙwallo, ya karɓi ƙwallo, Indianapolis ta ci 35-34. Na daɗe ina ganin ganganci ne. Sai da na zauna da kalkuletar nan ina juya irin wannan yanayi na gane abin da ido ba ya so ya gani: miƙa wa Manning ƙwallo da minti biyu a hannunsa shi ma kasada ce, sai dai kasada ce da ba a zagin koci a kanta. Tun 2006 masanin tattalin arziki David Romer na jami'ar Berkeley ya wallafa binciken da ya nuna ƙungiyoyin NFL, babbar gasar wannan wasa, sun wuce kima wajen ja da baya a dama ta huɗu.

To amma akwai abin da ba ta gani, kuma a nan nake so mai amfani da ita ya yi hattara. Lissafinta na bugun maki uku ya dogara ne kan nisa da kuma ko filin rufaffe ne ko buɗaɗɗe. Ba ta san ƙafar mai bugun ba, ba ta san wanda ya ji rauni minti biyar da suka wuce ba, ba ta jin iskar da ke kaɗawa a birnin Buffalo a watan Disamba. Koci da ke gefen fili ya san duk wannan.

Wasan Detroit da San Francisco na 28 ga Janairu 2024 ya nuna mini yadda mutane ke karanta ta a baibai. Dan Campbell, kocin Detroit, yana gaba da 24-10, ya nemi yadi biyu maimakon maki uku, ƙwallo ta suɓuce daga hannun ɗan wasansa Josh Reynolds. Ya sake gwadawa a kwata ta ƙarshe, aka kasa, suka sha kashi 34-31. Washegari kowa na cewa lissafi ne ya kashe su. Alhali a shawarar farko tazarar da ke tsakanin zaɓin biyu ba ta taka kara ta karya ba, kuma ƙwallon ta isa hannun mai karɓa. Da ya riƙe ta, da waɗannan bakunan ne za su yaba masa, kamar yadda aka yabi Doug Pederson, kocin Philadelphia na wancan lokacin, da ɗan wasansa Nick Foles ya cafke ƙwallo a dama ta huɗu a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, na Fabrairun 2018.

Daƙiƙa 40 kacal ke tsakanin wata dama da ta gaba, don haka ba na iya cike duk guraben kafin a tashi ƙwallo. Abin da nake yi yanzu shi ne in rubuta nawa hukuncin a takarda kafin in ga sakamako, in an je hutun rabin lokaci in shigar da alƙaluman in gwada. Inda ta nuna tazara babba, ina bin ta ko da zuciyata ta ƙi. Inda tazarar ta yi ƙasa da kashi ɗaya ko biyu, sai in bar wa kocin, don shi ya ga 'yan wasansa a atisaye duk mako.