Hular kwanon keke da na saya wa ƙanena: abin da ta yi da abin da ba ta yi ba

Hular da nake wannan sharhi a kanta ta riga ta tashi daga aiki. Ta tsage daga gefen dama har kusa da ƙeya, kuma wannan tsagewar ce ta sa nake yaba mata da zuciya ɗaya.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya gagari ɗalibai da yawa a Bauchi. Ƙanena yana karatu a wajen Gwallameji, kan hanyar Dass, mu kuma muna zaune a cikin gari. Sai ya koma hawa keke. Wanda ya san titin Yelwa da safe ya san yadda Keke Napep da babura da manyan motoci ke cakuɗuwa, shi ya sa na ce ba zai ci gaba da bin hanyar da kai a buɗe ba. Na zaga wurin masu sayar da kayan keke, akwai taya, akwai sarƙa, akwai birki da fitila, amma hular keke sai ta yara. Waɗanda na samu na manya hulunan babur ne masu nauyi da rufe fuska. A ƙarshe ta intanet na yi oda, aka kawo ta tasha.

Kafin in biya na auna kansa da awon tela, daga saman gira a zagayo ta ƙeya, na zaɓi mai lamba 54 zuwa 58 a santimita. Kada wanda ya saya da ka. Hular da ta yi wa mutum yawa zamewa take yi a daidai lokacin da ake bukatarta.

Da ta iso, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin nauyi. Har Hajiya ta ɗaga ta da yatsa biyu ta ce, "Wannan abar ce za ta tare kwalta?" Tambayar tana kan hanya, don cikinta farin soso ne mai tauri, irin wanda ake tokare sabon firji da shi a cikin kwali, sai wata siririyar roba da aka lulluɓe bayansa da ita. Amma hikimar tana cikin soson. Idan kai ya bugi ƙasa, soson ne ke murƙushewa ya shanye ƙarfin bugun, maimakon ƙoƙon kai ya karɓe shi gaba ɗaya a lokaci guda. Robar waje kuma tana sa hular ta sulale a kan kwalta, kada ta cije ta fizge wuya. A cikinta akwai ƴar takarda mai ɗauke da EN 1078, wato ma'aunin ƙasashen Turai na hular masu keke, inda ake sako hula daga tsayin kusan mita ɗaya da rabi a auna bugun da ya isa ciki. Na Amurka shi ne CPSC, su daga mita biyu suke sakowa. Idan hula ba ta da ɗaya daga cikin irin waɗannan shaidu, ni dai ba zan sa kuɗina ba. Araha ba ta ado.

Ranar da abin ya faru, an kwana ana ruwa, ruwan ya kwaso yashi ya shimfiɗa a gefen titi. Wani mai Keke Napep ya tsaya ɗaukar fasinja ba tare da ya nuna alama ba, yaron ya damƙe birkin gaba a kan yashin, tayar ta zame, ya tafi ta gefen dama. Hannu ya fara kai wa ƙasa, sannan kansa ya bugi bakin kwalbati. Mutanen wurin, Allah Ya saka musu da alheri, su suka ɗaga shi suka kira ni da wayarsa. Da na iso asibiti yana zaune, yana cikin hayyacinsa, abin da ya fara ce mini shi ne, "Yaya, hular ta fashe." Na karɓe ta na juya. A daidai inda zai zama gefen kansa, saman kunne, soson ya lotsa ya tsage gida biyu. Na daɗe riƙe da ita ban iya magana ba.

Hoton ƙashi ya nuna karaya a tsintsiyar hannu, aka ɗaure. Kai kuwa ko ƙwarzane babu. Duk da haka likita ya ja mana kunne mu sa masa ido: in ya fara amai, ko jiri, ko barci mai nauyin da ba a saba gani ba, ko ya riƙa manta abin da aka faɗa masa, mu dawo da shi ko da tsakar dare ne. Wannan gargaɗi yana da muhimmanci, domin hula tana rage bugu ne, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikin ƙoƙon kai. Kuma an yi ta ne don faɗuwa irin wannan. Ba wanda ya ƙera ta don karo da tirela.

Tana da nata aibu. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kai wa kusan digiri 40, ramukan shan iskarta ba sa wadatarwa sai in ana gudu, ga shi baƙa ce, tana kwasar rana. Ƙananan sosunan da ke taɓa goshi sun fara ɓallewa tun kafin a je ko'ina saboda gumi, sai da muka sake manna su. Maɗaurin haɓa yana sassautawa da kansa, dole a riƙa ja lokaci-lokaci har ya zama yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga tsakaninsa da haɓa. Ɗan maɓallin juyawa da ke ƙeya kuwa ya yi aikinsa lafiya, bai taɓa ba da matsala ba. Sannan ba a ɗora ta a kan hular gargajiya, don ba za ta zauna daidai ba. Ran Juma'a a jaka yake sa hularsa, sai ya isa masallaci ya canza.

Abin da ya fi yi masa wuya ba zafi ba ne, bakin mutane ne. Abokai sun yi ta tsokanarsa wai ya zama ɗan tsere. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A farkon 2009, da aka fara tilasta wa masu babur sa hular kwano, an ga waɗanda suka kifa ƙwarya a kai don su wuce jami'an kiyaye haɗurra. Har yau da yawanmu kallon kayan gudun tara muke yi wa hula. Wannan yana damuna, domin masu keke a garin nan galibi yara ne da ɗalibai da leburori, waɗanda in kai ya taɓu gidansu ba shi da ƙarfin jinyar.

Shawarata ga mai saye: ka guji ta gwanjo. Keken gwanjo ba laifi, mai gyara zai duba maka shi. Amma hular da ta taɓa shan bugu tana iya zama lafiya lau a ido alhali soson ciki ya riga ya mutu, kuma ba ya farfaɗowa. Bugu ɗaya take ɗauka. Saboda haka ne na hana a liƙe tamu da gam, duk da mai facin unguwarmu ya ce zai iya.

Na sake yin odar irinta, amma fara a wannan karon saboda rana da kuma direbobi su riƙa hango shi da magariba, na haɗa da jar fitilar baya. Likita ya ce kada ya hau keke sai an kwance ɗaurin an sake ɗaukar hoton hannun.