Fankar Peerless Assassin 120 SE a ɗaki mai esi: abin da take iya yi da abin da ya fi ƙarfinta a Sakkwato

Masu haɗa bidiyon biki da masu zanen gine-gine a garin nan sun fara ƙara wa furosesa gudu fiye da yadda kamfani ya ɗaure shi, sannan su ƙure esi a digiri 16 ko 18. Tambayarsu ɗaya ce: shin wannan sanyin yana lalata kwamfuta? A kanta muka auna fankar sanyaya furosesa ta kamfanin Thermalright mai suna Peerless Assassin 120 SE.

Hasumiya biyu gare ta na siraran faranta, da bututun jan ƙarfe shida masu faɗin milimita 6, da fankoki biyu na milimita 120 da ke kai juyi 1,550 a minti. Tsayinta milimita 155 ne, don haka a auna akwati kafin a saya. Tana hawa kan mazaunin furosesa irin LGA1700 na Intel da AM4 da AM5 na AMD. Wajen ɗaurawa a ɓare ledar da ke ƙasanta, a ɗiga man furosesa kamar ƙwayar wake, a riƙa ɗaure sukurorin biyu bi-da-bi. Idan RAM ɗin doguwa ce, fankar gaba za ta hau kanta, murfin akwati ya ƙi rufuwa.

Sanyin esi ba ya cutar da furosesa. Fanka irin wannan iskar ɗaki take hurawa, ba za ta taɓa sauko da ƙarfe ƙasa da sanyin ɗakin ba, shi ya sa raɓa ba ta sauka a kan kwamfutar da ke aiki. Ruwan da ke cikin bututun ba ya daskarewa sai a sifili, hard disk ma yana aiki lafiya a digiri 16. Abin da ke cin ran furosesa shi ne zafi da yawan wutar da aka tura masa.

Matsalar tana wani wajen. A ɗauki furosesa Core i5-12600K a kan babban allon kwamfuta (motherboard) na Z690; furosesan yana rage gudunsa da kansa idan ya kai digiri 100. Idan aka saita shi a ɗaki mai digiri 18 ya tsaya a 78, mai shi zai ga kamar akwai sauran fili, ya ƙara wuta. To amma zafin furosesa yana bin na ɗaki kusan digiri da digiri. Ranar Afrilu da aka ɗauke wuta, inbata ko ƙaramin janareto ya riƙe kwamfuta amma bai ja esi ba, ɗakin zai haura 38, furosesan nan kuwa ya doshi 98. Daga nan sai kwamfuta ta tsaya cak, ko mutuwa a tsakiyar fitar da bidiyo, fayil ya lalace. Babu fankar iska da za ta hana wannan. Maganin shi ne a yi gwajin esi a kashe, da tsakar rana: a kunna Cinebench, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, na minti 30, a duba zafi a manhajar HWiNFO, kada zafi ya wuce 85, kada wutar furosesa ta haura bolt 1.35. Saitin da ya tsallake wannan shi ne na gaskiya. A ajiye saiti biyu a BIOS, wato wurin saita babban allon, na bazara da na hunturu.

Raɓa kuma tana da lokacinta, wato damina. A watan Agusta, iska mai digiri 30 da danshi kashi 70 cikin ɗari tana zubar da ruwa a kan duk abin da bai kai digiri 24 ba. Kwamfutar da ta kwana a kashe cikin esi ƙarfenta ya yi sanyi. Da an buɗe taga ko an fitar da ita zuwa wajen taro, sai laima ta kwanta a kan babban allon da ramukan RAM. Faranta masu yawa na wannan fanka su ma suna tara ta. A bar ta awa biyu kafin a jona, kuma kada a girke akwati daidai bakin esi, don wani esin yana feso ɗigon ruwa. Saita esi a digiri 24 ya wadatar, ya kuma rage kuɗin mai.

Da hunturu abin ya juya. Iska ta bushe, esi ya ƙara busar da ita, tartsatsin da ke fita daga yatsa yana iya kashe RAM, saboda haka a taɓa jikin akwati kafin a sa hannu ciki. Ƙura kuwa ita ce babbar kasawar wannan fanka: tsakanin farantan ya matse, yana toshewa da wuri. Duk wata a cire fankokin, a riƙe fikafikansu kada su juya, a hure da bulowa.

Ga i5 ko Ryzen 5 da Ryzen 7, ta cancanci kuɗinta, kuma mun fifita ta kan na'urar sanyaya furosesa mai aiki da ruwa, don ba ta da famfon da zai mutu ko tiyon da zai yi yoyo. Mai i9 da ke son ƙure shi a bazarar Sakkwato ya nemi mai ruwa ta milimita 360.