Daga Jamus zuwa garejin Apo: a auna mai kafin a taɓa injekta

'Yan uwa makanikai na Apo, ina gaishe ku. Abin da na ga ya bambanta a aikin tsohuwar Marsandi nan Jamus, irin 230E da 280E, shi ne ba wanda ke cire injekta ya sa kafireta. Motar da ta shekara 30 tana samun lambar H, ta motocin tarihi, amma sai kayanta na asali ne. Dole a gyara, kuma gyaran daga geji mai auna ƙarfin mai yake farawa.

Tsarin injektan waɗannan motoci, K-Jetronic da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1973, ƙarfin mai ne ke tafiyar da shi, babu kwamfuta. Iskar da inji ke zuƙa na motsa wani faifai, faifan ya ɗaga sandar cikin marabar mai, wato na'urar da ke raba mai, mai ya tafi kowane nozul. Ana ɗaura geji tsakanin marabar da regileta mai lura da zafin inji. Ƙarfin famfo ya kai wajen bar 5 (bar shi ne ma'aunin ƙarfin da geji ke nunawa). Wanda regileta ke riƙewa yana farawa ƙasa da safe, ya hau zuwa 3.4 ko 3.8 in inji ya yi zafi. In ya maƙale a ƙasa, mota za ta sha mai, ta yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi. In ya yi sama tun da sanyi, sai ta tashi ta mutu. Sau da yawa 'yar ragar bakin regileta ce datti ya toshe.

Motar da ke tashi da safe amma ta ƙi tashi bayan an tsaya cin abinci fa? A kashe inji a zuba wa geji ido minti 20. In allura ta faɗi nan take, ajiyar ƙarfi da ke kusa da famfo, wadda ke riƙe ƙarfin mai bayan an kashe inji, ta mutu, ko bawul ɗin famfon yana mayar da mai. Nozul kuwa, a sa kowanne a kwalbarsa, a kunna famfo, a motsa faifan, a gwada abin da ya taru. Nesa da wuta, don Allah. Sukurun alanki mai milimita 3 na saita yawan mai, da kowa ke gaggawar murɗawa, shi ne na ƙarshe.

A nan Jamus nozul, filta da famfo sababbi suna samuwa, marabar mai kuma akwai masu sabunta ta su auna kowace hanyar da mai ke fita. Kuɗin aiki da awa ake lissafawa, yana da tsada ƙwarai. Mu a gida hannu gare mu da sauƙi, amma kayan Baljiyam da muke saya sun daɗe a ajiye, man ciki ya daskare kamar ƙaro. Fetur ɗin nan Jamus ma ba lafiya lau ba: E10, fetur mai gaurayen ethanol har kashi 10 cikin ɗari da aka shigo da shi a 2011, yana cin tsohon tiyo, shi ya sa masu irin waɗannan motoci da yawa ke sa musu Super Plus, wani fetur mai ƙarancin ethanol. Tamu matsalar a gida datti ne da ruwa, don haka a wanke tanki a canza filta kafin a ɗora wata maraba.