Mai zuba tarihi a kart memwar, kasuwar Tawa

Akwai wani ɗan butik cikin babbar kasuwar Tawa mai zuba sauti a kart memwar, wa'azi da waƙoƙi ne sana'arshi amma yana da tarihin shugabannin Amurka da Hausa, dala ɗari na kuɗin sefa ya zuba min.

Kashin Theodore Roosevelt shi ya fi daɗi wallahi. Yadda aka harbe shugaba McKinley a 1901 shi kuma Roosevelt ya hau mulki yana da shekara 42, ya tada aikin mashigin ruwan Panama, ya sasanta Rasha da Japan har aka ba shi kyautar Nobel a 1906, sannan ya ɓata da amininshi Taft suka raba ƙuri'u a zaɓen 1912, Wilson ya lashe. Ashe ma a kamfen ɗin an harbi Roosevelt a ƙirji amma mutumin nan sai da ya gama jawabi! Mai bayanin ya iya baki, kamar kuna fada ana shan shayi.

Wilson kam an gaggauta, shiga yaƙin duniya a 1917 da shanyewar jiki a 1919, shi ke nan. Harding da Coolidge sunansu kawai na ji. Kuma daga Hoover da karyewar kasuwa ta 1929 sautin ya shaƙe, ga kukan babur a baya.

Mai butik ɗin yana da haƙuri, yana bari ka saurara kafin ka biya. Ku je da kart ɗinku dai, nashi akwai tsada.