Tsarin ƙara sabar da kansa ya ci min kuɗi fiye da sabar ɗaya

Duk wanda ya ce maka tsarin nan mai ƙara sabar (wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin intanet) da kansa idan jama'a sun yi yawa ya fi arha, tambaye shi ko daga aljihunsa yake biya. Na bar sabar ɗaya da nake haya a kan ƙayyadadden kuɗi, na koma can saboda an ce abin da ka yi amfani da shi kaɗai za ka biya.

Abin da ya ɓata min rai cikin dare ya faru. Manhajojin nan masu yawo a intanet suna kwasar bayanai ne suka far wa shafina, ba sa sayen komai, sai buɗe shafuka ba ƙaƙƙautawa. Saitina shi ne idan aikin sabar ya haura kashi 70 cikin 100 a kunna wata. To, tsarin bai san mutum ba, bai san manhaja ba. Ya yi ta kunnawa har ya kai iyakar da na sa masa, kowace ana lissafa mata lokacinta, ga cajin kowane gigabait na bayanai da ya fita. Saƙon gargaɗi ya zo, amma a makare, kuma shi gargaɗi ne kawai, ba ya kashe komai. Da tsohuwar sabar ce, iyaka shafin ya yi nauyi ko ya faɗi, in tayar da shi da safe, kuɗin wata bai motsa ba.

Ba zan zalunce shi ba dai. Ranar da talla ta kawo min masu saye na gaske, shafin bai faɗi ba, abin ya burge ni. Mai shafin da jama'a ke cika shi yau, gobe shiru, zai ji daɗinsa.

Sai dai ko a ranar, sai da aka yi 'yan mintuna ana jan ƙafa kafin sabuwar sabar ta tashi. Kuma da na zauna na duba takardar kuɗin layi-layi, raina ya sake ɓaci. Mai raba wa sabar baƙi, wato abin da ke rarraba masu shiga shafin tsakanin sabar ɗin da aka kunna, ana biyansa kusan awa 730 na wata, ko da kowa bai leƙo ba. Rumbun bayanai ma dole a ware masa wurinsa, wani kuɗin ne daban, kuma ba ya kwana.

Yanzu na koma sabar ɗaya mai ɗan ƙarfi, na sa ana ajiye kwafin shafukan da aka fi buɗewa, na kuma toshe wa waɗancan manhajoji hanya.