Player's Handbook na 2024 da sihirin ɓacewar mutanen Feywild: ya biya kuɗinsa, amma da sauran magana

Wata huɗu kenan da littafin nan, wato littafin dokokin 'yan wasa na Dungeons & Dragons, ya shigo hannuna, kusan duk daren Juma'a da shi muke wasa ni da abokaina biyar, to ina ganin yanzu na isa in tofa albarkacin bakina. Ga wanda bai sani ba, Dungeons & Dragons wasa ne da ake zagaye tebur, mutum ɗaya yana jan labari sauran kowa da jaruminsa, in za ka yi abin kasada sai ka wurga ɗan lido mai fuska 20 ka ga yadda za ta kaya. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fito da shi a Amurka a 1974, wannan bugun kuma ya fito a Satumban 2024 da wasan ya cika shekara 50. Shafi 384 ne, dala 49.99 a can, nan kuwa in an haɗa kuɗin aikowa da canjin naira kar ma ku tambaya. Wanda ya kawo min har lanƙwasa gefen bangon ya yi, amma wannan ba laifin littafin ba ne.

Abu ɗaya ne ya sa na saya. Wata a cikinmu ta kafe sai ta buga Warlock mai yarjejeniya da Archfey, wato matsafiyar da ta samo ƙarfinta daga wata sarauniyar Feywild. Feywild ɗin nan duniya ce da ke manne da ta mutane kamar hoto a madubi, komai nata ya fi kyau kuma ya fi haɗari, sunan ya shigo wasan ne a bugu na huɗu a 2008 amma asalin abin tatsuniyoyin Ingila da Ayalan ne, irin wanda ake cewa in ka taka da'irar naman kaza a daji sai ka tsinci kanka a wani wuri. Da na fara yi wa 'yan tebur bayani wani ya ce ashe dai layar zana ce, muka yi ta dariya, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai mai layar zana ɓacewa yake daga ido, wannan kuwa barin wurin yake gaba ɗaya.

Sihirin da komai ya rataya a kansa shi ne Misty Step. Na mataki na 2 ne a jerin ƙarfin sihirai, hazo mai ruwan azurfa ya lulluɓe ka sai ga ka a wani wuri da bai wuce ƙafa 30 ba, a taswirar tebur gida 6 kenan tunda kowane gida ƙafa 5 ne. Kuma dole idonka ya ga inda za ka dira, dole babu kowa a wurin, dole ka iya furta kalmomin da baki. Wallahi waɗannan sharuɗɗan su ne daɗin abin gaba ɗaya, don ni mai jan labari tsorona kullum shi ne in an ba ɗan wasa ikon ɓacewa to kurkuku ya tashi aiki, ganuwa ta zama ado, ƙofar gari ma wa zai bi ta. Amma da wannan dokar sarkin da ya san aikinsa ɗaki marar taga zai sa ka, ko a ɗaure maka ido ko a toshe maka baki, shikenan an gama da kai. Manyan na zuwa ne daga baya, Dimension Door na mataki na 4 mai kai ka ƙafa 500 ko ba ka ganin wurin, sai Teleport na mataki na 7 da ke kwasar mutum takwas ban da kai, shi kuma in ba ka san wurin sosai ba ɗan lido na iya jefa ku wata uwa duniya.

Inda sabon bugun ya burge ni shi ne yadda ya mai da Misty Step ya zama halin mutanen fey, wato mazauna Feywild, ba dabarar gudu kawai ba. Da jarumar ta kai mataki na 3 na girmanta, ita wannan Warlock tana yinsa kyauta sau adadin ƙarin Charisma ɗinta, wato makin kwarjininta, kafin ta yi dogon hutu, kuma duk tsallen da ta yi tana zaɓar tsaraba: ko ta ba kanta ko wani na kusa ƙarin jini na wucin gadi gwargwadon abin da ɗan lido mai fuska 10 ya ba da, ko ta tsokani waɗanda ta bari a baya su kasa mai da hankali kan kowa sai ita. A mataki na 6 ma ana dukanta take ɓacewa. Ranar nan wani ƙaton dodo ya damƙe ta a bakin gada, kowa ya ɗauka an gama, kawai ta sulale ta bayyana a kan reshen bishiya tana masa gwalo, dodon ya bar mai warkar da su da ke kwance ya koma yana jijjiga bishiya. Ihun da aka yi a ɗakin nan sai da maƙwabci ya leƙo. Kuma tunda dokar 2024 cewa ta yi sihiri ɗaya mai cin gurbi, wato mai rage kason sihirin da jarumi ke da shi, duk sanda layi ya zo kanka, na kyautan bai shiga lissafi ba, tana iya haɗa shi da babban sihiri lokaci guda, abin da dokar 2014 ta hana.

To ga inda nake da ƙorafi. Abin ya yi araha da yawa. Jinsin High Elf yana samu a mataki na 5, matsafa irin su Wizard da Sorcerer suna iya ɗauka, mayaƙan Paladin iri biyu suna da shi, wanda bai da ko ɗaya kuma ya ɗauki baiwar da ake kira Fey Touched ya huta. A teburina uku cikin biyar suna ɓacewa, har ya zama kamar hawa acaɓa. Sannan littafin bai ce komai kan inda kake bi a wannan ƙiftawar idon ba, hazo kawai. Alhali Dungeon Master's Guide na 2014, littafin mai jan labari, ya faɗi cewa wanda ya dawo daga Feywild yana iya mance duk abin da ya gani, kuma kwanakinsa na can su zama mintoci ko shekaru a gida, irin labarin Oisín na Ayalan da ya dawo ya tarar shekara 300 ta wuce. Wannan tsoron nake so in ji ko kaɗan ne. Eladrin ma, jinsin elf na Feywild masu tsallen da ke canzawa da yanayin shekara ba sa ciki, sai ka nemi wani littafin daban.

Ni dai dokar gida na ƙara. Duk sanda ta yi tsallen kyauta nakan ce mata ta ji ƙamshin furen da ba ta sani ba, ko inuwarta ta makara kafin ta iso, kuma ina rubutawa a takarda don sarauniyar nan ba sadaka take yi ba.

In kai ke jan labari saya, bugun da takardar masu kyau ne kuma an tsara dokokin yadda ba ka shan wahalar nema. In ɗan wasa ne kai, Misty Step yana cikin dokokin kyauta na shafin intanet na D&D Beyond, Archfey ne babu, ka ari na mai jan labarinku. Takardata ta kai tsalle 23, Juma'ar nan za a zo karɓar bashi kuma ba ta sani ba tukuna.