Majalisa ko tattaki: wanne ya fi sauke gajiyar aiki?

Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya ya ce a banki yake aiki, yana tashi daga aiki wajen ƙarfe shida, amma har ya kwanta lissafin ofis bai bar kansa ba. Abokai sun ce ya riƙa fitowa majalisa, wani kuma ya ba shi shawarar tattaki da yamma. Wanne zai ɗauka?

Malam, tun 2007 wata masaniyar halayyar ma'aikata 'yar Jamus, Sabine Sonnentag, da abokiyar aikinta Charlotte Fritz suka lissafa abubuwa huɗu da ke farfaɗo da mutum bayan aiki. Ɗaya daga ciki shi ne zuciya ta daina juya aikin gaba ɗaya. Da wannan zan auna biyun, tunda nan ciwonka yake.

Majalisa tana da abin da tattaki ba zai taɓa ba ka ba. Ana idar da Isha'i an jera benci a ƙofar gida, wani na fifita gawayi ƙarƙashin butar shayi, wani ya tsokano ɗan Arsenal, nan da nan wuri ya kaure da dariya. Mutumin da ya wuni yana "ranka ya daɗe" ga manaja da kwastoma, a nan ne za a kira shi da sunan tsokanar da aka laƙaba masa tun firamare. Wannan kaɗai magani ne.

Sai dai a duba su wa ke kan bencin. In abokan aiki ne, to ofis ka koma ba ka sani ba: wane an yi masa ƙarin girma, wane an tura shi reshen ƙauye. In kuma masu lissafin kuɗin mai da buhun shinkafa ne, ka zo da damuwa ɗaya ka tafi da uku. Ga shayin kansa. Sinadarin kafeyin (caffeine) mai hana barci da ke cikinsa yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, wato kofin da ka kurɓa ƙarfe tara na dare, rabin ƙarfinsa na nan har ƙarfe biyu. Ranar Gasar Zakarun Turai kuwa ba a magana, wasa ya fara takwas ko tara, a gama a dasa musu, ga asuba na tafe, ga iyali sun gaji da jira. Alhali babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye.

Tattaki ba shi da armashi, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya wuni kan kujera gaban kwamfuta, kansa ne ya gaji, jikinsa bai yi komai ba, shi ya sa yake kwana ido biyu. Tafiyar minti 30 da ɗan sauri, irin wadda numfashi zai ƙaru amma kana iya amsa gaisuwa, tana sassauta wuya da kafaɗa, tana kuma taimaka wa barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 na irin wannan motsa jiki a mako, ka ga minti 30 sau biyar ya fitar da kai. Ba sai ka je Filin Sukuwa ba in a Kano kake. Sauka daga adaidaita sahu tun kafin unguwarku, ko ka nufi masallacin da ya fi nisa. Cikas ɗinsa sananne ne: zafin Afrilu, ƙurar hunturu ga mai asma, da lungunan da ake ƙwacen waya in duhu ya yi. Mai tafiya shi kaɗai ma yakan ci gaba da saƙa da warwara, don haka in da maƙwabcin da ba ruwansa da banki, ku jera.

Da ɗan dako ne ya yi tambayar, ko nas da ta wuni a tsaye, zama da hira zan ce. Kai kuwa tattaki ya fi maka a ranakun aiki, ka bar doguwar majalisa sai ranar Juma'a da ta Asabar da dare, tunda washegari ba a buɗe banki.

Duk wanda ka ɗauka, waya na iya ɓata shi. Saƙo ɗaya daga rukunin WhatsApp na ofis ya isa ya mayar da kai kan tebur kana tsakiyar titi. A Faransa har doka ta fara aiki a 2017 da ta wajabta wa kamfanonin da ma'aikatansu suka kai 50 su tattauna da su kan lokacin da za a ƙyale mutum ya huta daga saƙonnin aiki. Kai dai ka kashe ƙarar wannan rukunin daga Magariba. Manajan da ke da abin gaggawa yana da lambarka, zai kira.